Na Jira Kaza a Kucheri

Ni Adama, da girmana, furfura ta fara leƙo mini, kaza ta zaunar da ni damina guda a ƙauye. In na ba da labarin a Gusau dariya ake yi. Ni kuwa har yau in na tuna farkonsa sai na ji wuyana ya ɗauki zafi.

Na haihu sau uku a gidan mijina Malam Sahabi masaƙi, duka ukun ƙasa ta karɓe tun ba su yi haƙori ba, daga nan haihuwa ta ɗauke. Gida ya yi mana faɗi. In Malam ya fita wurin saƙa babu abin da nake ji sai ƙarar mazarina a cikin tasa. Ƙanena Labbo kuwa, can Kucheri gaba da Tsafe, Allah ya ba shi 'ya'ya har ana tuntuɓe da su a tsakar gida. Ranar sunan ta huɗunsu, Ma'u, ya ce da ni a gaban dangi, "Yaya, wagga taki ce. In ta yi wayo ki zaka ki ɗauka." Ban manta ba ko rana guda. Da na ji yarinya ta isa ɗaukar ƙaramin tulu sai na shafe ɗaki da jar ƙasa, na sayi sabuwar tabarma da 'yar ƙwarya, Malam ya saƙa mata zane da hannunsa. Lokacin jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, zancensa dai ake yi, don haka na bi ayarin masu gishiri a kan jaki. Ruwan farko ya riga ya sauka, mutane suna gonaki. Niyyata in gaisa da dangi, in huta, in juyo da ɗiyata.

Da na shiga gidan aka yi ta murna, matar Labbo, Wasila, ta kawo fura. Na duba cikin yaran ban ga wadda na zo dominta ba. Aka nuna mini wasu ƙafafu biyu buɗu-buɗu da ƙasa a bayan rumbu. Mai ƙafafun tana kwance rub da ciki, kanta a bakin akurki.

Labbo ya ce, "Ma'u, ga gwaggonki ta zaka."

Ta taso, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, wannan kam ba zan yi mata ƙarya ba. Na ce mata ta fara haɗa kayanta, jibi muna hanya.

Ta ce, "Gwaggo, ba ni iya tahiya yanzu. Kazata na kwanci."

Na yi dariya, na dubi ubanta ina jiran ya daka mata tsawa. Labbo ya sosa gemu ya ce, "To kin ji, Yaya. Sai ta ƙyanƙyashe."

Dole in faɗi irin gidan da ƙanena ya gina, don in ban faɗa ba za a ɗauka hauka ce. Mu dai mahaifinmu faɗa yake yi a yi. Labbo yana ƙarami aka kai shi Bungudu wurin kawunmu ya koyi dukanci, ya yi ta gudowa gida da ƙafa, ana dukansa ana mayarwa, har aka gaji. Ko zaren fata bai iya yanka ba. Amma ginin rumbu da babu wanda ya koya masa, kallo kawai ya yi ta yi a wurin maƙwabta, sai ga shi ana zuwa daga 'Yandoto neman sa. Daga nan ya ƙulla abu a ransa. A gidansa wuta da rijiya da ramin maciji ne kaɗai ake hana yaro. Sauran duk abin da yaro ya sa kansa, a bar shi. In ya tambaya a faɗa masa, in bai tambaya ba a ja baki. Babban ɗansa na can yana gina wani ɗan rumbu karkatacce, ya rushe ya sake, uban na wucewa ta gefensa kullum kamar bai gani ba. Mutanen gari sun daɗe da sallama masa, ni ce baƙuwa.

Na ce to, kwancin kaza ba shekara ba ne, zan jira. Washegari kazar ta fito shan ruwa, na leƙa akurkin don in ga abin da ya tsare ni. Nan na ga aika-aika. Tare da ƙwan kazar akwai wasu ƙanana masu ɗigo-ɗigo, ƙwan zabi. Ashe yarinya ta gano inda wata zabuwa ke zuba ƙwai a gindin sabara a bakin gonar gero, ta kwaso, ta cusa wa kazarta rana guda da nata.

Na ce, "Ke, wa yac ce ki gama su rana guda? Ƙwan zabi ya hi na kaza daɗewa. Ɗiyanta na hita za ta tashi ta bi su, ta bar waɗanga su huce."

Ta ɗago ta dube ni. "Gwaggo, kin taɓa gani?"

"Kowa ya san haka!"

"Ni ban sani ba. Bari in gani."

Ni aka ce wa bari in gani! Na nufi wurin Wasila tana tankaɗe, na zazzage mata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na ce, wannan ba tarbiyya ba ce, sakaci ne. Wasila mace ce mai sanyi, ko hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Yaya, na hwaɗa ma babanta. Yac ce ƙwai ne ba ido ba, in sun lalace zabuwa na yin wasu."

Abin da na faɗa shi ya faru, babu ragi. 'Yan tsakin kaza suka fito, uwar ta karkaɗe jiki ta ja su juji, ta bar ƙwan zabi a kwance. Ma'u ta kamo ta ta mayar, ta fito. Ta sake mayarwa ta toshe ƙofa da dutse, kaza ta tsaya cak a tsaye ta ƙi kwanciya. Sai yarinya ta kwashe ƙwan ta ɗaure a tsumma a cikinta, tana tafiya a hankali cikin gida, ƙannenta na bin ta suna dariya. Da aka aike ta rijiya ta ga ba za ta iya ɗaukar tulu da su ba, sai ta binne su a toka mai ɗumi a gefen murhu. Da aka share tokar ta nemi wani wuri mai ɗumi da taushi. Duk faɗin Kucheri ba ta sami wuri ba sai taskirata, inda na ajiye farar audugar da na shiɓe da hannuna na taho da ita daga Gusau don kada in zauna banza.

Ban sani ba sai ran da na sa hannu zan ɗebo auduga, wani baragurbi ya fashe a tafina. Ba zan kwatanta warin ba. Na yi ta wanki da toka, har la'asar ina jin sa a hancina. Na fito ina faɗa, kaji na watsewa, na ce yau ko Labbo ya so ko bai so ba sai na zane yarinyar nan.

Na same ta a gindin itacen bedi. Ta jera sauran ƙwan a kan ƙasa tana fasa su ɗaya-ɗaya da tsinke, tana toshe hanci da gefen zane, tana leƙawa. Na tsaya a kanta da tsumagiya a hannu, ba ta ma san na zo ba. A cikin ɓawon ga ɗan zabo nan a dunƙule, da baki, da zane-zanen baya, a mace.

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Gwaggo, gaskiyarki. Sun kusa hita. Har ƙumba sun yi."

Na ce, "Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba." Amma maganar ba ta yi mini daɗin da na zata ba, don hawaye na ɗiga daga haɓarta. Na jefar da tsumagiyar. Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

To an gani, an gama. Na ɗaure kayana, na ce wa Wasila ta wanke wa yarinya kai. Da hantsi sai ga Maimuna, Bafulatanar da ke kawo nono daga rugarsu, ƙwarya a ka, wata tsohuwar baƙar kaza mai tsigaggen wuya a hammata. Ma'u ta ruga ta karɓe ta kamar an kawo amarya. Ashe ta bi uwarta ruga ta yi ta yi wa Maimuna tambayoyi, har suka shirya: Maimuna ta ba da aron kaza mai kwanci, in 'yan zabi sun girma a raba. Ƙwai ma an tanada. Yarinya ta koma gindin sabara, wannan karon da ludayi ta ɗebo, ta bar wa zabuwa kaɗan, don Maimuna ta ce in aka sa hannu ko aka kwashe duka zabuwa sauya wuri take yi.

Ban tsaya yafa mayafi da kyau ba na nufi gona. Labbo yana noman farko, a sunkuye.

Na ce, "Labbo, alkawari kay yi min ko wasa?"

"Alkawari ne, Yaya."

"To mi nika jira? Wata kaza kuma?"

Ya miƙe ya share gumi. "Nic ce ba ni hana ki, kuma ban hana ba. Amma ban ce ina ɗaure ta bisa jaki ba. Ta san dominta kinka zaka. In tac ce ta tahi, ta tahi."

"In tac ce a'a fa?"

Ya kankare ƙasa daga fartanya. Sannan ya ce, "Ɗan da anka kai da igiya, hanyar gida yake koyo. Ke kinka riƙa cire min ƙaya in na dawo daga Bungudu, Yaya."

Na zage shi zagin da yaya ke yi wa ƙane, na ce ya mayar da gida kasuwa, na ce da mahaifinmu na da rai da ya ga abin da ya haifa. Ya saurara har na gama, ya koma ya sunkuya. A hanyar komawa gida fushin ya sauka, tsoro ya hau. Ban taɓa kawo wa raina cewa za a iya ce mini a'a ba. Na hango kaina ina shiga gidan Malam ni kaɗai, maƙwabta na leƙe, sabuwar tabarma a naɗe a jikin bango.

Ruwa ya kankama, rafuka suka cika, ko da na so tafiya hanya ba ta da daɗi. Na aika wa Malam da baki ta wurin wani mai sayar da kanwa. Amsa ta dawo cewa in zauna, mai nema yana tare da samu. Shi da yake can a bushe yana da bakin kawo karin magana.

Na shiga neman yarinya, ni da a da ko kallo na yi wa yaro sai ya nutsu. Na fara da labarin Gusau. Na ba ta labarin kasuwa, da 'yan koli masu duwatsun wuya, da injin da Nasara suka kafa mai raba auduga da gurya. Nan ta bar abin da take yi.

"Ƙaƙa yake gane gurya daga auduga? Yana da ido?"

"Ban sani ba."

"Ba ki leƙa ba?"

"Ni matar aure ce, ina ni ina leƙen inji!"

Ta dube ni da tausayi, wai ni ce aka cuta, ta koma wurin baƙar kazarta.

Na ce to bari in koya mata abin hannuna, don a unguwarmu babu wadda zarenta ya kai nawa laushi. Na zaunar da ita, na ba ta mazari da alli, na fara daga farko yadda uwata ta fara da ni: yadda ake zama, yadda ake riƙe auduga, yadda ake shafa alli a yatsa. Ba mu je ko'ina ba ta fara hamma. Idonta na kan akurki. Na ƙwanƙwashi bayan hannunta da mazari, ba da ƙarfi ba. Ta ajiye kayan a hankali, ta ce Inna na kiranta. Babu wanda ya kira ta.

Bayan 'yan kwanaki na zagaya bayan rumbu sai na gan ta a zaune, ta soka tsinken kara a dunƙulen laka busasshe, tana murzawa a cikin fasasshen kasko. Audugata ce kuwa, wadda ƙwai ya ɓata na zubar, ta tsince ta wanke. Yatsanta fari da toka a madadin alli. Zaren da ke fitowa ko abawa, zaren nan mai kauri, ta fi shi kyau, nan kauri nan siriri, amma zare ne. Wai igiya take so ta ɗaure ƙafar kaza in 'ya'ya sun fito, kada ta ja su nesa.

Ta ce, "Gwaggo, mi ya sa yake tsinkewa nan?"

"Kina ja ba ki bari murɗi ya hau ba. Saki kaɗan."

Ta saki, zare ya tsaya. Na ji daɗi ya kama ni, na gyara zama na ɗauko bayani tun daga gurza har zuwa yadda ake kai wa masaƙi. Da na waiwaya ni kaɗai ce da kasko. Ta sami abin da take nema ta tafi. Don kaza aka koyi kaɗi, ba don ni ba, kuma abin ya ci mini rai ƙwarai.

Baƙar kaza dai ta yi haƙurin da ni ban yi ba. Ta kwanta ta rame, wuyanta ya ƙara tsigewa, har ranar da 'yan zabi suka fito, ƙanana masu jajayen ƙafafu, ba sa tsayawa wuri ɗaya. Gida ya rikice da murna. Ma'u ta cika fasasshiyar tukunya da kashin shanu da karan dawa, ta yayyafa ruwa ta kife a bakin shuri, da safe ta ɗauko cike da gara ta zazzage musu. Wannan ma a ruga ta tambayo. Ba ta taɓa tambayata yadda ake kiwonsu ba, ni da na taso cikin kiwon zabi a gidan uwata.

Wata safiya an kwana ana ruwa, ciyawa jagab, ina alwala na ga ta nufi akurki za ta janye dutsen ƙofa. Magana ta taso mini har maƙogwaro. Na tuna duk wadda na faɗa a gidan nan ba a tambaye ni ba iska ta kwashe. Na cije leɓe har na ji zafi, na ci gaba da wanke ƙafar da na riga na wanke.

Hannunta na kan dutsen ta tsaya, ta juyo. Yarinyar nan fuska take karantawa.

"Gwaggo, mi kinka gani?"

"Raɓa."

"Tana yi musu wani abu?"

"Kashe su take. In gashinsu ya jiƙe sanyi na kama su, kahin rana ta yi tsaka sun miƙe."

"Kin taɓa gani?"

Na ce, "Na gani. Ina kamar ke na buɗe ma na innarmu da sassahe. Ni na haƙa rami na binne su."

Ta mayar da dutsen ta zauna a kai, ta jira har rana ta shanye ciyawa. Wannan ne karo na farko da gargaɗina ya yi aiki a gidan Labbo, kuma sai da na kusa haɗiye harshena. Shirwa ta ɗauke ɗaya daga baya, wani ya faɗa kaskon ruwa. Ta yi kuka, ta haɗa musu rumfa da ƙaya, ta zuba tsakuwa a kaskon. Sauran suka rayu.

Gero ya yi kai, 'yan zabi suka yi gashi, ɗigon jikinsu ya fito. Daga nan kuma wata fitina ta taso. Baƙar kaza ta tono abinci ta kira, babu mai zuwa. Zabi sun gane fiffikensu, sun gane gona. Da gari ya waye sai su bi ta ƙarƙashin danga su shige cikin gero a jere, ita kuwa ta bi su da gudunta na tsufa har bakin danga ta tsaya. Nan za ta wuni tana kai da kawowa tana kira. Da yamma su dawo su hau bedi su kwana a sama, ta tsaya a gindin itacen tana ɗaga kai, sannan ta shiga akurki ita kaɗai.

Kiran nan ya hana ni sakat. Ina kaɗi ina jin sa, ina salla ina jin sa. Na jefe ta da ɓawon gyaɗa, na jefe ta da takalmi, na ce mata sabo da kaza ba ya hana yanka. Wasila ta yi dariya ta ce me kaza ta yi mini. Na ce, "Wauta tata ke ba ni haushi. Ta kwanta bisa ƙwan wata har ta rame, ga sakayya nan." Da na ji abin da bakina ya faɗa sai na koma kan kaɗina, Wasila ma ta sunkuyar da kai ta ci gaba da surfe.

Daga ranar na fara fid da rai. Ma'u ba ta ce za ta ba, ba ta ce ba za ta ba. Takan zo ta zauna kusa da ni in ina kaɗi, ta yi ta kallona, ba hannuna kaɗai ba, har fuskata, sai in ce mata ta tashi ta ba ni wuri. Ban tambaye ta ba. Ina babba, ba zan durƙusa wa 'yar da aka yanke wa cibi a gabana in ce ki taimake ni ki bi ni ba. Kuma gaskiya tsoron amsar nake.

Aka fara yankan gero, rafuka suka janye. Na ji masu gishiri za su juya Gusau bayan cin kasuwar Tsafe. Na ce wa Labbo, a gaban yaran don kowa ya ji, gobe ina tafiya, na gaji da zama gidan da kaza ke yanke hukunci. Ya ce Allah ya kai mu, zai raka ni Tsafe. Ma'u tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba. Na ɗauko zanen da Malam ya saƙa na ajiye wa Wasila a kan gado, na ce a ba ta, ba zan koma da shi ba.

Da safe Labbo yana ɗaura wa jaki kaya sai ga Maimuna, an aika mata ta zo rabon zabi. An kama su tun da dare, suna cikin akurki suna ta ƙara. Na zauna a kan turmi ina jira a gama in yi sallama. Maimuna ta ware nata, ta ce ga na Ma'u, ta miƙa hannu za ta ɗauki kazarta.

Ma'u ta ce, "Inna Maimuna, ki riƙe nawa duka. Ki bar min kazar."

Na rantse a raina ba zan sake sa baki a sha'anin gidan nan ba, amma wannan ya fi ƙarfina. Na miƙe tsaye. "Ke kina da hankali? Zabi masu ƙiba, ki ba da su don wagga tsohuwa? Ta bar ƙwai, ko miya anka sa ta sai an kwana ana dahuwa! Labbo, kana tsaye ana wannan?"

Labbo ya ci gaba da jan igiyar kaya. Maimuna kanta ta ce cinikin bai yi ba, Allah na gani, ta mayar da zabuwa guda ta ce a bar wa ƙannen. Ma'u ta ce to. Ta shige ɗakin uwarta, ni kuma na ci gaba da faɗa da duk wanda ya tsaya kusa, har da jakin.

Sai ga ta ta fito. Ta ɗaura zanen Malam, ya yi mata yawa ta naɗe shi sau biyu. Ƙunshin kaya a ka, tsinken kaɗinta na laka a soke a ciki. Ta sunkuya ta ɗauki baƙar kaza ta saƙale a hammata, ƙafafun a ɗaure da zaren nan nata mai ƙulli-ƙulli. Wasila ta leƙo daga ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki.

"Mu tahi, Gwaggo."

Na ce, "Ina?"

"Gusau."

Na koma kan turmi na zauna. Abin da na yi damina ina jira ya zo, ni kuwa bakina bai sami abin faɗa ba sai faɗan da ya saba. Na ce, "To in tahiya ce, mi za ki yi da wagga mummunar kaza? Da zabin kinka ɗauka, ko Malam ya ga abin kirki."

Ta gyara riƙon kazar. "Zabin sun iya kansu, Gwaggo. Wagga ce ba ta da kowa."

Labbo ya bar igiya. Na dubi kazar, wuya a tsige, ido na ƙyafƙyaf, na dubi yarinyar.

Na ce, "Ni ma haka kinka gane ni?"

Ɗan kirki sunkuyar da kai yake yi ya ce a'a. Ita ba ta sunkuyar ba. Ta ce, "I, Gwaggo. Na daɗe ina kallo."

Tunda nake ba a taɓa gaya mini maganar da ta ƙona ni haka ba, kuma ba a taɓa ba ni kyautar da ta kai ta ba. Na rasa ko in mare ta ko in rungume ta. Na tashi na hau jaki, na ce ta miƙo mini kazar kada ta shaƙe ta da wannan riƙon. Na ɗora ta a cinyata na rufe ta da gefen mayafi, na juya fuskata wajen gonaki don kada Labbo ya gani. Har muka shiga Tsafe ban iya yi wa kowa faɗa ba.